Rabin Ƙwayar da Zulai Ta Ba Kyanwarta

Duk Kuchigoro an san Zulai mai awara da abu biyu: bakin da ba ya gajiya, da wata farar kyanwa da take kira Hajiya. Daga Borno ta gudo, ta rasa miji da 'ya'ya a hanya, kuma ba ta son a yi mata zancen. Kyanwar nan ce kaɗai ke jiran dawowarta gida.

Hajiya ta ci sunanta. Ita ke fara ɗanɗana kifi, ita ke kwana a tsakiyar katifa, Zulai na gefe kamar baƙuwa. Amma da masu rigakafin dabbobi suka zo unguwa, Zulai ta ɓoye ta a ɗaki. Wai lafiyayya ba ta bukatar allura, tsautsayi ai ba a gayyatarsa.

Da damina mura ta kama Hajiya, ta daina cin abinci. Zulai ta yi abin da kowace uwa za ta yi: ta ɓalli rabin farasitamol, ta murƙushe a romon kifi ta ba ta. Da safe ta ga ba sauƙi, ta ƙara mata ragowar.

Kafin azahar fuskar kyanwar ta kumbura, dasashinta ya yi baƙi-baƙi, tana numfashi da ƙyar. Zulai ta bar awara a wuta, ta naɗe ta a mayafi ta fita titi ba ko takalmi. Masu keken haya suna ganin kyanwa sai su wuce. Ta durƙusa wa wani tana kuka, shi ya kai ta asibitin dabbobi a Utako.

Likitan, Dokta Andrew, wanda Hausarsa ba ta nuna ba, ya ɗora kyanwar a tebur, ya ɗaga leɓenta ya duba.

"Mama, wane magani kin ba shi?"

"Farasitamol ne kawai, ɗana. Rabi-rabi."

"Ah, Mama! Wannan guba ne ga kyanwa. Mura ɗin kam, da mun yi maganinsa sauƙi-sauƙi."

Ya sa mata ƙarin ruwa, ya yi allura, bai yi alkawarin komai ba. Zulai ta zame ta zauna a ƙasa, ta riƙe ƙafar teburin, tsoro ya cika ta.

"Likita, ka taimake ni don Allah, ba ni da kowa," ta ce. "Ta ƙi sha, wallahi ta kawar da kai. Ni na lallashe ta. Don hannuna ne ta lashe."