Ranar da Baba ya nemi fassarar waƙar angale

Shekarar da ɗiyata ta fari ta shiga kwaleji a nan Gaya aka fara koya musu Ingilishi, wanda mu muke ce wa angale. Ni a lakwal, wato makarantar boko, iyakata firamare. Ina ajin ƙarshe aka ce karatun ya isa haka, na dawo gida na kama tsintsiya. Faransancina bai wuce na gaisuwa da karanta takardar likita ba, angale kuwa ko zo in kashe ki ba na ji.

Malamin da ke koya musu, mushe kamar yadda muke cewa, yana da wata dabara. Sai ya jera kalmomi masu ƙarewa da sauti iri ɗaya, yara su rera suna tafi. Yarinyar nan ta kwaso abin ta kawo mana gida. Tana wanke-wanke, kat, hat, mat, rat. Tana shara, kin, rin, sin, win. Har ƙannenta da ba su daina yawo ba wando ba suka ɗauka. Ni daɗi nake ji, ba zan ɓoye ba, ko da ban san abin da take faɗi ba.

Wanda bai ji daɗin ba shi ne surukina, mahaifin mijina, da duk gidan ke kira Baba. Mijina direban kamiyo ne, babbar motar kaya, yakan yi makonni a hanya, saboda haka maganar Baba ita ce magana. Wani ya gaya masa a masallaci wai irin waƙoƙin nan daga tsallaken iyaka ake shigo da su, kuma ba a san abin da ke cikinsu ba. Wata Lahadi da hantsi ya aiko a kira ni. Na durƙusa a bakin zaure.

"Ke, mi yarinyar ga take rerawa?"

"Karatun lakwal ne, Baba."

"Na sani. Mi yake nufi?"

Na ce ban sani ba.

"Uwa ba ta sani ba, uba ba ya gida," in ji shi. "Duk maganar da aka yi wa amsa-amo, don ta zauna a zuciya aka yi ta. Ni kuwa ba ni barin abin da ban san ma'anarsa ba ya zauna a zuciyar jikata. Bayan la'asar ta zo ta fassara mini. In ta kasa, ko na ji abin da bai yi mini ba, lakwal ta ƙare."

Na san Baba, ba ya faɗin magana don ban tsoro. Na ja yarinyar cikin ɗaki na ce ta gaya mini gaskiya, ta san ma'anar abin da take damun mu da shi? Ta ce ta san wasu. Wasu! Kamar in kwaɗe ta. Na kira mijina a waya, ba rezo, kiran bai shiga ba. Na aika gidan maƙwabta neman ɗansu mai zuwa kasuwar Kamba ta tsallaken iyaka, wanda aka ce yana ɗan jin angale, aka ce tun asuba ya tafi. Ranar shinkafata ta kama, miya ta yi gishiri. Abin da ya fi cin raina shi ne ni ma ban tabbata ba. In fa da gaske akwai wani abu a cikin waƙar?

Da aka sauko daga la'asar Baba ya zauna a kan buzunsa. Shi karatun zaure ya yi, inda ɗalibi ke karanta kalmar Larabci malami ya ba da Hausarta, ɗaya bayan ɗaya. Haka ya ce yarinyar ta yi, sai dai ita ce za ta karanta, ita ce kuma za ta fassara. Kullum da wasan kaka da jika yake tarbarta, yana ce mata amaryarsa mai rowa. Ranar ko murmushi babu. Ni na laɓe a bayan ƙofar cikin gida.

"Kat," ta ce. "Kyanwa. Hat, hula. Mat, tabarma. Rat, ɓera."

"Kyanwar ta kama ɓeran?"

"A'a, Baba, ba labari ba ne. Ƙarshensu kawai ya zo ɗaya."

"Ci gaba."

"Kin, sarki. Rin, zobe. Sin, rera waƙa."

"Waƙar wa?"

Ta ce kowace iri ce, har ta 'yan mata a dandali. Ya ce to, saura ɗaya, ya ji tana cewa win. Ina jin kabu-kabu na wucewa a titi, ina jin tana jan hanci. Na yi ta addu'a a raina kada ta ƙirƙiro ƙarya, don Baba yana gane ƙarya tun kafin a rufe baki, kuma kada ta ce ba ta sani ba. Ban san wanne nake roƙo ba.

"Ba ki sani ba, ko hana ki faɗi aka yi?"

"Ban sani ba, Baba."

"Kin tambayi mushen?"

"Muna jin tsoronsa."

Ni dai na riga na fara tunanin yadda zan gaya wa ubanta. Sai na ji ya ɗaga murya da faɗa sosai, yana cewa wane irin ɗalibi ne zai haddace abu ya ji tsoron tambayar malaminsa, ashe tafi kawai suke zuwa yi.

"Gobe da safe ki je ki tsaya gabansa ki tambaye shi," ya ce. "Ki kawo mini amsa. Duk waƙar da ya ƙara ba ku, nan za ki riƙa kawo ta kafin ki rera mini ita a tsakar gida. Tashi ki ba ni wuri."

Ta fito tana kuka, ita a ganinta faɗa aka yi mata. Ni kuwa na gane lakwal ba ta ƙare ba. Sai na je na jawo ruwa na wanke tufafinta na lakwal don su bushe kafin rana ta faɗi.