San Huɗar Mutumin Gangara

Shekarun da muka zauna a Sabon Birni, maigidana malamin dabbobi ne. Mu ba 'yan asalin garin ba ne, aiki ya kai mu, kuma Kiristocin da ke wurin ba mu da yawa. Ran Lahadi mukan taru a wata ƙaramar majami'a mai rufin kwano, kowa ya san kowa. Mutanen gari sun karɓe mu da kyau. Manoma da Fulani duk Likita suke ce masa, har ni ma a kasuwa matar Likita ake kira na.

Wata shekara da farkon damina wani dattijo manomi daga Gangara ya aiko a kira shi. Yana da shanun huɗa biyu, kaska ta dami ɗaya. Maigidana ya hau babur ya tafi, ya dama maganin da ake wanke shanu da shi, ya wanke san, ya dawo da sauri saboda hadari ya taso. Washegari aka aiko cewa san ya mutu. Dattijon ya ɗauka wata muguwar ciyawa ya ci a fadama. Har godiya ya aiko, wai Likita ya yi nasa ƙoƙarin.

Na lura tun daga ranar maigidana ya rage cin abinci. Da na matsa masa, sai ya ce, "Maman yara, ba ciyawa ba ce. An gaya mini yadda ya yi ta dalalar da miyau yana makyarkyata. Na duba kwalbar. Sabuwar iri ce, ta fi wadda na saba da ita ƙarfi, ni kuwa na zuba kamar yadda na saba, ban karanta ba."

Yayansa yana aiki a Isa, ya zo mana ran Asabar. Da ya ji labarin, ya ce wa maigidana ya yi shiru. "Mu baƙi ne a nan," in ji shi. "Mai sa ya riga ya haƙura. Ka roƙi Allah gafara a ɗakinka, ya isa." Ba don mugunta ya faɗa ba, tsoro yake ji mana. Ni ma tsoron nake ji.

Bayan sujada ran Lahadi maigidana ya tsaya ya gaya wa fastonmu, wani tsoho mai magana a hankali. Ina zaune kusa da su. Faston ya ce Allah ya san abin tun kafin a faɗa, kuma shi mai gafara ne ga wanda ya furta laifinsa. Amma ya ce wanda ya cuci ɗan'uwansa, ko da bisa kuskure, ba a koya mana ya wuce ƙofar mutumin ya zo majami'a ba. Ya fara zuwa wurinsa tukuna. Ya ƙara da cewa ba zai yi masa alkawarin abin zai yi daɗi ba.

A hanyar gida maigidana ya ce, "Gobe za ni Gangara." Na ce za ni bi shi, tunda na san matar dattijon, wurinta nake sayen daddawa ran kasuwa.

Mun tarar da shi a zaure yana gyaran ƙotar fartanya. Bayan gaisuwa, maigidana ya sauko daga tabarma ya zauna a ƙasa. Ya ce, "Baba, sanka ba ciyawa ta kashe shi ba. Ni ne. Maganin ya yi yawa a hannuna."

Dattijon ya ajiye ƙotar. Ya dubi maigidana.

"Wa ya hwaɗa maka ka zo ka gaya min?"

"Ba wanda ya tilasta mini, Baba."

"Da na aje abin ga Allah, zuciyata ta kwanta," in ji shi. "Yanzu ka tayar min da ita." Ya tashi ya shige cikin gida. Matarsa ta fito ta ba mu ruwa, muka sha, muka tafi.

Labari ya bazu. An daina kiran maigidana a wasu ƙauyuka, kuma ya kai maganar wurin shugabansa a ofis, aka yi masa faɗa sosai. Sa ɗaya ba ya jan garma shi kaɗai, don haka gonar dattijon sai da hannu. Maigidana ya sayi fartanya. Duk Asabar yakan tafi Gangara ya shiga layi tare da 'ya'yan dattijon. Ba wanda ya kore shi, ba kuma wanda ya yi masa maraba. Hannunsa ya yi kanta, yakan dawo da ciwon baya in dafa masa ruwan zafi. Amma ya koma cin tuwonsa kamar da.

Wajen lokacin da gero ya fara fitar da kai, ya dawo wata Asabar ya ce dattijon ya kira shi inuwa, ya miƙo masa ludayi suka sha fura ƙwarya ɗaya. Ya ce masa ya yafe, duniya da lahira, amma in ya sake zuwa da kwalba, ya zauna ya karanta ta a gabansa. Bayan kaka muka haɗa abin da muke da shi, wasu 'yan majami'a suka taimaka, aka sayi ɗan maraƙi aka kai masa. Ya karɓa, ya ce sai ya shekara biyu kafin ya iya jan garma. Damina ta gaba maigidana ya sake komawa gonar da fartanyarsa.