Maude Mahauci da Bijimin Ƙarfe

Shekara arba'in Maude ya yi yana fawa a kasuwar Batsari. Duk wanda ya tsaya gaban teburinsa ya san sai an haɗa masa nama da tsokana, ko da liman ne. Bai taɓa wuce Katsina ba sai bara, da jikarsa Mubina ta haihu a Legas, ta kafe sai ya je suna.

Bayan suna ta ce, "Tsoho, tashi in zagaya da kai gari, ko ƙauyancin ya ragu."

"Mu je, amarya," in ji shi.

Ta kai shi wani lambu inda aka jera mutum-mutumi na ƙarfe da na siminti, jama'a na ta ɗaukar hoto. Maude ya san sarai abin da yake gani, amma ya nufi wani ƙato mai rataye da ganga, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa.

"Ranka ya daɗe, ina wuni? Ya iyali? Ya tsayuwa?"

Mutane suka fara taruwa. Mubina ta rufe fuska da mayafi. "Don girman Allah, tashi!"

"Ke, dakata. Mutanen birni ba su amsa gaisuwa da wuri."

Gaba kaɗan suka iske wani bijimin ƙarfe, wani mutum yana goge shi. Maude ya zagaya shi sau biyu, ya shafa tozon, ya leƙa ƙarƙashi.

"Wanda ya ƙera wannan bai taɓa ganin an feɗe sa ba. Haƙarƙarin na akuya ne."

Mubina, da sauran haushinta, ta fassara wa mutumin da Turanci, ba ta rage ko kalma ba, don dai a gwale tsohon ta huce. Ashe shi ne maƙerin. Ya dubi aikinsa, sai ya ɗauko takarda da fensir ya ce Baba ya nuna masa. Suka zauna a ƙasa har la'asar, Mubina na tsaye tana tafinta, ƙafa na mata zugi.

Har yanzu duk dabbar da mutumin ya ƙera sai ya turo hotonta Batsari. Na watan jiya, hoton wani sa, Maude ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce a gaya masa ƙira ta yi, amma san ya rame, a ƙara masa dusa.