Juma'ar da Aka Kashe Injin Ƙyanƙyasa

Ku da kuka zo kuka tarar da sola a kan rufi, ba ku san azabar janareta ba. Ni kam har gobe ban manta da wata Juma'a ba, lokacin ina kula da injin ƙyanƙyasa a wata gonar kaji bayan Dawakin Tofa.

Matan ƙauye ke kawo mana ƙwai mu sa musu a inji. In ya yi kamar mako guda sai mu haska. A rufe ɗaki ya yi duhu, a kafa tocila a jikin ƙwan. Mai rai za ka ga jijiyoyi ja sun bazu a ciki. Wanda zakara bai taka ba fayau yake, mai tsaga kuma hasken zai tona shi, duk a ware su kafin su zama baragurbi.

A zubin wancan lokacin akwai ƙwan Inna Talatu. Annoba ta share mata kaji kaf, irin da ta gada wurin mahaifiyarta, sai ɗan ƙwan da ta tsinta a akurki. Da ta miƙo min ƙwaryar cewa ta yi, “Habu, in waɗannan suka lalace, irin ya ƙare ke nan.”

To, muna da sabon mai gadi, Baba Sale, wanda ya tsufa yana gadin sito a kasuwar Dawanau. Can ranar Juma'a komai kashewa ake yi kafin a tafi masallaci. Na bar shi na wuce, daga masallaci kuma aka ja ni ɗaurin aure. Da la'asar sakaliya na dawo na ji gonar tsit. Innalillahi!

“Baba, wa ya kashe janareta?”

“Ni ne mana. Haka kawai a bar shi yana shan mai, ba kowa a wurin?”

Dattijo ne, kuma gyara ya yi nufi. Na tayar da janaretan. Manajan gonar ya zo ya taɓa ƙwan ya ce, “Sun huce. Ka ba su kwana biyu, in ka haska ba labari a zubar, ni zan ba matan haƙuri.”

Ranar haskawa Inna Talatu ta iso tun da hantsi, labari ya riga ya kai mata. Ta ce ƙafarta ƙafata. Muka shiga, na ja ƙofa. Na farko da na ɗauka, zoben jini ne kawai a ciki, ya mutu. Na ajiye shi gefe. Na biyu kuwa, jijiyoyi raɗau, ga wani ɗan baƙi-baƙi yana wutsil-wutsil.

“Habu, motsi yake ko idona ne?”

“Motsi yake, Inna!”

Sai ga tsohuwa ta rangaɗa guɗa a ɗan ɗakin nan, saura kaɗan in saki ƙwan. Ashe zafin bazara ne ya riƙe su, yawancinsu da ransu. Baba Sale da ke tsugune a bakin ƙofa ya yi ta hamdala har da hawaye. Ni ma sai lokacin na ji yunwa.

Shi ya sa nake damunku. Kada ku yanke wa ƙwai hukunci da tafin hannu, ku haska tukuna. Kuma duk wanda aka ɗauka aiki, ko gadi ne, ku kai shi gaban inji ku gaya masa abin da ke ciki. Inna Talatu ta rasu, Allah ya jiƙanta, amma jikokin kajin nan suna nan suna tono a tsakar gidan 'yarta.