Mai Sayen Jakin Da Bai Duba Haƙori Ba

Har ƙasa ta rufe mini ido ba zan manta da ranar da na sayar da jakunana ba. Su biyu ne, tsohon namiji da mace mai ciki. Da su nake dakon rake daga fadamar Nasarawan Doya zuwa injin masu mazarƙwaila. Ban yi boko ba, ban gaji gona ba. Bayan jakunan nan shi ne gonata.

A shekarar ne dillalai suka cika kasuwar Makarfi, wai mutanen Caina na neman jakuna, kasuwar duniya ta buɗe, talaka ma zai lasa. Ɗaya ya biyo ni har gida. Mu a nan, mai sayen jaki baki yake fara buɗewa ya ga haƙori, ya ɗaga kofato, ya sa a zagaya da shi. Wannan bai yi ko ɗaya ba. Fatar kawai ya yi ta shafawa, yana ja da yatsu kamar mai zaɓen yadi. Sannan ya taya abin da ban taɓa jin an taya jaki ba.

Baffana na zaune a zaure yana kallo. Ya ce da ni, "Kai, wanda bai duba haƙori ba, ba aiki zai sa shi ba."

Dillalin ya yi dariya. "Baba, ina ruwanmu? Ko sarauta za su ba shi, kuɗinsu ne."

Na ce, "Macen fa ciki gare ta."

Ya ce, "Ba cikin muke saye ba."

Nan ya kamata in farga. Sai na sallama. Niyyata in rake ya nuna in sayi matasa uku.

Bayan kwana biyu na gan su a bakin titi, an cusa su cikin tirela da wasu jakunan. Macen ta durƙushe, sauran na taka ta. Direban ne ya gaya mini kudu za a kai su a yanka, a feɗe, a tura fatar ƙetare a dafa magani. Ni kuwa na riga na karɓi kuɗin.

Da rake ya nuna na shiga kasuwar Makarfi, sai turaku babu jakuna. Na je Ikara, na je Kudan. 'Yan ramammun da suka rage, abin da ke hannuna bai kai kuɗin ɗaya ba. Mai injin bai jira ni ba, ya ɗauki mai babur. Kuɗin ya ƙare a hatsi kafin damina.

Na koma ɗaukar dami a ka, shekara da shekaru. Yau wuyana ba ya juyawa sai na juya da jikina duka. Baffa har ya rasu bai taɓa ce mini "na gaya maka" ba. Akumarin jakunan yana nan rataye a zaurensa.

Ban zagi baƙo ba, abin da yake so ya zo nema. Ni ne na sayar da abin da ke ciyar da ni. In baƙo ya taya kayanka fiye da kima, kada ka kalli hannunsa. Kalli inda idonsa yake.