Biron Idi

Duk Yekuwa wa bai san mabuɗin nan da Idi ke ratayawa a wuya kamar laya ba? Taubashina ne, kuma wallahi ya sha ƙona mini rai! Shi ya fara gina salanga mai siminti da murfi a unguwarmu, ya sa mata ƙofa da kwaɗo, ya raɗa mata suna biro, wato ofis. Mu kuwa sai bayan gari.

Kun tuna ma'aikacin nan da ya zo daga Magarya nemansa? Matar Idi ta ce, "Yana biro." Bawan Allah ya gyara riga, ya ce a yi masa iso. Sai ga Idi ya fito riƙe da buta.

"Yallaɓai, bismilla. Amma mutum ɗaya take ɗauka, kuma ba a sallama sai an wanke hannu da sabulu."

Abin haushin, surukaina in sun zo daga Bande, a gidana za su ci tuwo, a gidan Idi za su yi godiya. Har Hajara matata ta ce, "Malam, ni fa na gaji da jiran duhu." Kishi ya ci ni. Na rantse sai na gina wadda ta fi tasa, kuma sai ya faɗa da bakinsa.

Na haƙa rami. Ya zo ya leƙa, ya waiga ya dubi rijiyarmu.

"Sule, miya za ka haɗa mana?"

"Hassada ce!"

"Hassada ce mana. Cike shi, jikokinka ke shan ruwan nan."

Na cike ina ta masifa, na sake haƙawa can nesa.

Ina gab da gamawa ciwo ya kwantar da shi. Na je dubiya, na ce, "Tashi ka gani, ta fi taka."

Ya buɗe ido ɗaya. "Da murfi?"

Murfi kuwa babu. Bai tashi ba.

Bayan sadakar bakwai matarsa ta aiko mini da murfi sabo fil, daidai bakin ramina. Ashe yana kwance ya sa aka auno, aka kai wa maƙeri. Yau salangata ta fi tasa faɗi da tsawo, amma kaf unguwa "biron Idi na biyu" ake ce mata. Kai jama'a, mutum yana kabari yana fina!

Allah ya jiƙanka, taubashi, ya shayar da kai ruwan Alkausara. Na bar maka sunan.