Takalmin Robar da Yaya Lawali Ya Yi wa Ma'u

Shekara ashirin da shida ke nan cif da rasuwar yayana, Malam Lawali, malamin kimiyya a wata sakandare a Tsafe. Duk shekara nakan ce zan rubuta wani abu a kansa, sai hannu ya ƙi. Bana dai na daure, domin masu tuna shi sun fara ƙaranci.

Jiharmu tana sabuwa a lokacin, ba ta fi shekara biyu ba. 'Yarsa ta fari, Asma'u, da muke kira Ma'u, tana da shekara biyar, shan inna ya shanye mata ƙafar hagu. Likita a Gusau ya ce in ba a sa mata abin da zai miƙar da ƙafar ta riƙa takawa ba, za ta lanƙwashe, kuma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Na ƙarfen da aka samo ya yi mata nauyi, ko ɗaga shi ba ta iya yi. Sai Yaya ya yanka farar jarkar roba, ya gasa ta, ya lanƙwasa daidai ƙafar yarinyar tun daga tafi har ƙasan gwiwa. Ya yi sauƙi, ya yi kyau. Amma roba santsi gare ta. Ranar farko Ma'u ta taka simintin bakin rijiya, ƙafar ta zame, haƙoranta biyu suka fita.

Dole a manna wa takalmin tafin taya a ƙasa. Ya kai wa Baba Na'Allah, wani tsohon baduku a Bungudu wanda ya yi wa mahaifinmu takalma. Baba ya gwada kowane irin gam, ya kankare robar, ya shanya, ya danne da dutse. Kwana biyu sai tafin ya ɓare kamar ɓawon rogo. Ƙusa kuwa tsaga robar take yi. A karo na huɗu tsohon ya miƙa masa ya ce, "Lawali, wagga roba ba ta da amana. Ka yi haƙuri, ka samo ma ɗiyarka sanda." Yaya ya ce, "Baba, in na ba ta sanda yau, da ita za a kai ta ɗakin miji."

A wani tsohon littafin makaranta ya karanta cewa irin wannan roba fuskarta ce ba ta karɓar komai, amma in aka bi ta da tartsatsin lantarki mai ƙarfi, iskar da ke wurin takan rikiɗe ta zama abin da masana ke kira filasma, ita kuma ta sauya fuskar robar har gam ya kama, santsin ma ya ragu. Ya ciro taransifoma daga mataccen talabijin, ya haɗa da faifan ƙarfe da gilashin taga. A zaurena na Gusau ya ajiye na'urar, don wutarmu ta fi ta Tsafe zama. Takan yi tsuwa, ta fid da shuɗin haske da wani wari mai shaƙe maƙogwaro. Gwajinsa ɗigon ruwa ne: in ya dunƙule a kan robar, aiki bai yi ba; in ya baje, ya yi.

Wahalar da ya sha, Allah kaɗai ya sani. Ya gano cewa in robar ta daɗe ba a manna ba, sai ta koma halinta. Ga man fetur ya yi wuya, ga wuta sai ta ga dama. Sau nawa yakan baro Tsafe bayan tashi daga makaranta, ya zauna a zaurena har la'asar sakaliya yana kallon ƙwan lantarki, ya koma hannu rabbana. Wata rana ya bi har cikin takalmin da tartsatsin, sai cikin ya daina sulɓi, ya goge wa Ma'u fata har ya yi gyambo. Mako uku ba ta taka ba, ƙafar kuma tana ƙara karkacewa a idonmu. Ran nan na tarar da shi zaune a ƙasa, ya haɗa kai da gwiwa. Na ce, "Yaya, ka bar wa Allah." Ya ɗago ya ce, "Hajara, shi na bar mawa. Amma mi zan ce mata in ta girma ta tambaye ni?"

Daga ƙarshe ya fahimci ƙasan kaɗai ke son tartsatsi. Ya ɗauko Baba Na'Allah a babur daga Bungudu, da gam ɗinsa da gudumarsa, suka jira wuta tare. Da ta zo, ana sauke robar daga na'ura tsohon ya shafa ya manna. Bayan kwana uku Baba ya sa ƙarfinsa duka ya ja, tafin bai motsa ba. Ma'u ta ratsa jiƙaƙƙen tsakar gida a tsaye, uwarta na kuka, Yaya na bin ta a baya da hannuwa a buɗe.

Bai cika wata biyu ba zazzaɓi mai zafi ya kwantar da shi, kwana tara ya cika. Allah ya jiƙansa.

Abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba shi ne abin da ya biyo baya. Yaro girma yake yi. Kafin shekara takalmin ya matse ta. Sabo kuwa ba zai yiwu ba sai da na'urar, ga shi Yaya kaɗai ya san kanta. Na ɗauki na'urar na zaga masu gyaran rediyo da talabijin na Gusau, kowa ya duba sai ya ja da baya, ya ce ba zai taɓa ajalinsa ba. Yaya bai rubuta komai ba, yana ganin akwai lokaci. Na zauna gabanta da kaina na kunna, ta jefar da ni jikin bango. Ma'u ta koma rarrafe har shekara biyu, kafin a samu wani takalmin a wurin wani likita a Kano. Waɗannan shekaru biyun har yau ban yafe wa kaina ba.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. An ce yanzu akwai injinan da ke wannan aiki cikin ƙiftawar ido, har ledar ruwan sha da su ake sa rubutu ya zauna. Zai yi murna, na sani. Amma hanyar Tsafe da yake bi shi kaɗai a babur, yau sai da addu'a da faɗuwar gaba ake bin ta, kuma yaran ƙauyukanmu masu irin lalurar Ma'u sun fi da nisa da likita.

Bai bar gida ba, bai bar gona ba, na'urar ma tsatsa ta cinye. Amma likitan Kano ya ce watannin da Ma'u ta yi tana takawa su suka hana ƙafar mutuwa gaba ɗaya. Yau malama ce a firamare a Bungudu, da 'ya'ya uku. An sha kawo mata kujera a aji, tana sa a mayar. A tsaye take koyarwa, tun safe har a tashi.